Mai Jela da Hanyar Tsauni

Ni dai ban taɓa ɗaukar babban babur a bakin komai ba. A inda na yi karatu na sha ganinsu, dattawa masu furfura sun baje a kai suna cika wa mutane kunne da ƙara, su ba kaya suka ɗauko ba, ba fasinja ba. Gani nake kayan wasan yara ne aka ƙara wa nauyi. Da na dawo gida aka ce mini kawuna ya sayi irinsa, sai na ce a raina tsufa ya fara taɓa shi. Labarin da na tarar ya sa na sassauta, ga shi kuma yadda na tsinto shi a bakin mutanen gidan.

Kawu direban tirela ne, ya haura shekara talatin yana jan ta. A tasha ba mai kiransa da sunansa, Mai Jela ake ce masa, don kullum shi kamfani ke ba motar da ta fi kowace tsawo. Abokan aikinsa kan ce idan kan motarsa ya shiga gari, jelar tana can bayan gari ba ta ma san an iso ba. Shi kuwa abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa bari tayar baya ta hau bakin kwalbati ba. Doguwar mota idan ta zo kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki. Saboda haka sai direba ya fara buɗewa, ya kai kan motar can waje, wani lokaci har hannun masu tahowa, idonsa a madubi yana lallaɓa jelar har ta shigo. Kawu ya yi wannan har ya zame masa jiki. Ko kujera zai zagaya a falo, sai ya ba ta fili.

A kan babbar hanyar da ya fi bi akwai wata mararraba. Wata siririyar hanya ta balle daga nan ta nufi tsauni, tana murɗewa tana ɓacewa tana sake bayyana a sama. A bakinta an kafa allo mai hoton babbar mota an ja mata jan layi. Duk wucewa sai Kawu ya ɗaga kai ya bi ta da kallo, duk dawowa gida kuma sai ya ba matarsa labarinta. Matar tasa maɗinkiya ce, kowa a gidan Inna yake ce mata. Ba ta taɓa shiga tirelarsa ba, don kamfani ya hana ɗaukar iyali. Ta dai san hanyoyin ƙasar kaf daga bakinsa, tana taka keke tana cewa to, to.

Da ya ajiye aiki sai zaman gida ya gagare shi. Ya shiga ɗakin ɗinkin Inna ya jera mata zare bisa launi, ta rasa inda komai yake. Ya tsaya a kanta tana zagaya wuyan riga, ya ce, "Innar yara, rage gudu mana, kwana ce fa."

"Baban Auta," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba, "don girman Allah ka nemi abin yi."

Ya kuwa nemo. A garejin wani bakanike da ake kira Sifana ya ga wani abu a kwance ƙarƙashin tamfol, ya ɗaga gefe, ya tsaya. Babur ne dogo, baƙi, mai gajeren zama, kujerarsa faffaɗa ta yi ƙasa har mutum zai sa tafin ƙafarsa duka biyu a kwalta yana zaune. Hannunsa ya buɗe ya lanƙwaso baya kamar mai shirin runguma. Matakan ƙafa ba a ƙarƙashin mutum suke ba, suna can gaba, falle-falle. Injin kuwa silinda biyu ne manya, ga salansa biyu suna ƙyalli. Sifana ya tashe shi, sifanonin da ke rataye a bango suka kama rawa. Ba kuka yake irin na ƙananan babura ba, bugu yake daga ƙasa, dum-dum, dum-dum, a ƙirji ake jin sa kafin kunne.

"Ina ribas?" in ji Kawu.

"Ƙafarka ce ribas, Baba."

Ranar da ya shigo da shi gida, Inna ta fito da almakashi a hannu, ta zagaya shi, ta danna kujerar da yatsa. "Wannan ai kujerar falo ce aka sa wa taya," in ji ta. Sunan da ya bi babur ɗin ke nan har yau.

A cikin gari Kujerar Falo ba ta da daɗin sha'ani. Nauyi gare ta, a cunkoso injin yana gasa cinya, juya ta a lungu kuwa sai da gumi. Amma da Kawu ya fara fita da ita babbar hanya, sai ya dawo kamar an rage masa shekaru. Ya ce da ka sa giyar ƙarshe shi ke nan, ka manta da kuloci. Injin yana bugawa a hankali kamar bai damu ba, ka ɗan murɗa totur, sai ka ji an tallabe ka ta baya an miƙa ka gaba. Ba ta rawa, ba ta karkarwa, tana bin layi kamar an ɗaure ta da shi. Iska ce kawai ke cika ƙirji, tana tura ka kamar za ta sauke ka ta baya, sai ka riƙe da kyau. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne hanci. Shekarun nan duka yana saman mota bayan gilashi, bai san cewa kusa da gada iska tana yin sanyi ba, bai san gonakin da yake wucewa suna da ƙamshi ba.

Abu guda ne ya sosa masa rai. Ya hango wata tirela tana tahowa, ya ƙyafta mata fitila yadda direbobi ke gaisawa. Ba a amsa ba. Ta wuce da gugugu, iskarta ta make shi har sai da ya gyara zama. Ya ce ashe haka muke yi wa mutane.

Wata rana Sifana ya bi shi a baya da ƙaramin babur don ya saurari injin. Da suka tsaya ya ce, "Inji lafiya lau. Amma Baba, kwanarka tana da faɗi fa. Wa kake bar wa fili?"

"Yaro, kafin a haife ka nake shan kwana."

A babbar hanya kwanonin a miƙe suke, faɗin bai cutar da kowa ba.

Mai tada ƙayar baya ita ce Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya. A sashen karaya take aiki, ta ce ita ta san abin da babur ke kawo musu kullum, kuma ba za ta zauna a turo mata mahaifinta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ɓoye makulli a cikin gwangwanin maɓallan Inna. Kawu ya ce shi buri ɗaya ya rage masa, ya hau hanyar tsaunin nan, kuma da Innar yara a bayansa.

"Baba, kai kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa da uwata?"

Inna ta tsayar da keke. Ta ce, "Zan hau. Sau ɗaya. Hanyar nan an cika mini kunne da ita tun ina goyon yayanki, gara in gan ta in huta. Amma ga sharaɗi, Baban Auta. Idan tsoro ya ci ƙarfina zan ƙwanƙwasa hularka. Da ka ji, ka juya, babur ya koma wurin Sifana, kuma kada in sake jin zancensa. Idan mun kai sama ban ƙwanƙwasa ba, Auta ta fita harkarka."

Auta ta yarda nan take, don ta san uwarta ko tsani ba ta hawa. Kawu ma ya yarda, don ba shi da wata mafita.

Inna ta ɗinka wa kanta wando mai kauri, ta cusa bakin mayafinta cikin riga kada taya ta kama. Da safe suka fito. Ta sa hular kwano ta ce tana jin kanta kamar tukunya a kife. Ta hau, ta jingina da ɗan majinginin baya, ta kama cikin Kawu da hannu biyu.

"Numfashi fa, Innar yara?"

"Ka yi da hanci. Mu je."

Har suka fita gari idonta a rufe. Da suka hau babbar hanya, Kawu ya haura giya a hankali, injin ya kwanta cikin bugunsa, ya ji hannun nan ya ɗan saki. Can sai ya ji murya a gefen hularsa.

"Waccan ce gadar da ka ce taya ta fashe maka?"

"Ita ce!"

"Ashe ƙarama ce! Yadda kake ba da labari na zaci teku ka tsallaka!"

Ya yi dariya har babur ya ɗan girgiza. Ta gane gidan man da yake kwana, ta gane doguwar gangarar da yake cewa birki na wari. Wata tirela ta sha gabansu, iska ta buge su, ta ƙanƙame shi ta ce, "'Yan'uwanka ba su da tarbiyya." Sai kuma ta ce, "Iyakar gudun ke nan?" Kawu ya murɗa totur. Kujerar Falo ta yi gurnani ta miƙe, farin layi ya riƙa shigewa ƙarƙashinsu, Inna ta saki wata ƙara da shi kansa bai san ko ta tsoro ce ko ta daɗi ba. Ya saurari hularsa. Shiru.

Da suka iso mararraba ya rage gudu. Ga allon nan, ga babbar mota da jan layinta. Ya ɗaga masa hannu kamar mai gaida tsohon maƙwabci, ya karya ya shiga.

Hanyar tsauni siririya ce, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen da ɗan shingen ƙarfe. Kwanonin farko masu sauƙi ne. Kawu yana buɗewa yana shiga, yana buɗewa yana shiga, zuciyarsa fes, ga sanyi yana ƙaruwa, ga bugun injin yana dawowa daga jikin dutse kamar babura biyu ke tafiya. Sai suka zo wata kwana matsattsiya wadda dutse ya tare bayanta, ba a ganin abin da ke tahowa. Jikinsa ya yi abin da ya saba. Ya buɗe, ya tsallake layi ya shiga hannun masu saukowa, idonsa ya tafi madubi.

Hon ne ya dawo da shi. Wata farar bas ta ɓullo daga bayan dutsen, hancinta a kansu. Direban ya kauce har tayarsa ta tada tsakuwa, Kawu ya fizgo babur ya dawo hannunsa, suka gifta juna da ƙyar. Zagin direban ya biyo su yana amsa kuwwa a cikin ramin.

Kawu ya gangara wani ɗan fili a gefe ya kashe inji. Bai juyo ba. Ya ce, "Ƙwanƙwasa, Innar yara. Da gaskiyarki."

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sauka, ta zauna a kan shingen ƙarfe ta cire hula. Sai da numfashinta ya dawo sannan ta ce, "Me ka ajiye a madubin nan?"

"Wane madubi?"

"Tun daga ƙasa nake kallonka. Duk kwana, hanya tana gaba, kai kana duba baya. Me kake nema?"

Ya dubi madubin, ya dubi bayan babur ɗin, inda babu komai sai 'yar jar fitila. "Jela," in ji shi a hankali.

"Jelar wa? Ba ka mayar wa kamfani da abinsu ba?"

"Na mayar. Jikina ne bai sani ba."

Inna ta tashi ta sa hula ta hau. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta kama madubi ɗaya, ta murɗa shi ciki. "Me kake gani?"

"Ke."

"To nan motarka ta ƙare. Bayana babu ko kwali. In ka duba ka gan ni, jelarka ta riga ta shigo, sai ka mayar da ido hanya. Kuma ka tsaya a hannunka, ni ban zo nan don in shiga bas ta gilashi ba." Ta ɗaga yatsa a gaban madubin. "Hannuna yana nan, hularka tana nan. Magana ba ta ƙare ba."

Ya tada inji. Kwana ta gaba ta taho, kafaɗarsa ta fara ja waje, idonsa ya faɗa madubi, sai ga idanun Inna ta cikin hula sun kafe shi. Ya tsaya a hannunsa. Sai dai babur mai tsawo da nauyi ba ya shiga matsattsiyar kwana a tsaye, dole a kwantar da shi. Kawu ya rage gudu tun kafin ya shiga, ya dubi inda hanyar ta fita, ya tura hannun babur, Kujerar Falo ta kwanta a hankali kamar saniya za ta huta. Ya ɗan ba ta wuta, ta ɗago da kanta ta miƙe.

"Ka gani?" in ji Inna. "Wuyan riga ne. Ba a ja, bi ake yi."

Daga nan abin ya zama kamar rawa. Hagu, dama, hagu. Da farko Inna tana tsayawa ƙiƙam idan babur ya kwanta, yana jin nauyinta yana gardama da shi. Ya ce ta manne da bayansa ta leƙa ta kafaɗar da ke ciki. Ta gwada, sai babur ɗin ya yi sauƙi kamar an sauke rabin lodi. Kawu ya fara waƙa, shi da ba a taɓa jin ya yi waƙa ba. Bishiyoyi suka yi ƙasa, sama ta buɗe, har ya hango inda hanyar ta ƙare a kan tsauni, da ɗan shinge da benci.

Saura kaɗan sai ga kwana mafi tsanani, ta naɗe kamar ƙugiya. Ya shiga da ɗan gudun da ya fi na sauran, ya kwantar, ya ƙara kwantarwa. Matakin ƙafa ya taɓa kwalta. Ƙarrrr! Ƙarfe ya karci hanya, tartsatsi ya tashi, matakin ya ɗago ƙafarsa. Babur irin wannan a ƙasa yake, ba ya kwantawa da nisa sai ya yi gargaɗi, Sifana ya taɓa faɗa masa, amma ji daban, gani daban. Ya riƙe, bai taka birki a tsakiya ba, suka fito lafiya. Yana ɗagowa ya ji a bayan kansa: ƙwas.

Waƙar ta tsaya. Kafaɗunsa suka sauka. Ga bencin can yana kallonsa, amma alkawari ya riga ya yi, a gaban 'yarsa kuma. Ya sa sigina, ya fara neman wurin juyawa.

"Ina za ka?" in ji Inna.

"Kin ƙwanƙwasa."

"Wa ya ƙwanƙwasa? Hulata ce ta bugi taka! Kai ne ka saki wuta kamar mai lodin siminti. Malam, ka ja mu je, ƙafata ta yi tsami!"

Kawu bai tsaya neman ƙarin bayani ba. Ya kashe sigina ya murɗa totur, Kujerar Falo ta haura sauran hawan da gurnani, yana ihu tana ihu, har suka tsaya a gaban bencin.

Daga can sama ana ganin babbar hanya a shimfiɗe kamar zare, tireloli suna rarrafe a kanta kamar kwalayen ashana. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya nuna wata doguwa ya ce, "Kin ga irin tawa." Inna ta kanne ido ta ce, "Duk hayaniyar nan a kan wannan 'yar abar?" Ya durƙusa ya shafa matakin ƙafar inda kwalta ta cinye, yana murmushi kamar an ba shi lambar yabo. Ta kira Auta a waya, ta ce, "Mun iso. Ki fito da ɗayan makullin daga inda kika ɓoye, na san akwai." Abin da Auta ta ce ba a maimaita mini ba.

Yanzu Kujerar Falo tana nan a zaure, madubinta ɗaya a murɗe. Sifana ya so ya gyara, Kawu ya hana, sai ya ɗaura masa wani ƙarami a ƙasa don ganin hanya. Duk ranar da ɗinki ya yi sauƙi suna fita. Auta ta saya musu riguna masu kauri da safar hannu, ta ajiye musu a kan tebur. Ni ma an zagaya da ni sau ɗaya a babbar hanya, kuma gaskiya bugun injin nan yana da wani abu, ko da yake har yanzu ina ganin ƙarar ta yi yawa.

Abu guda ne ya tsaya mini. Na sami Inna ita kaɗai a ɗakin ɗinki, tana zagaya wuyan wata riga, na ce, "Inna, tsakaninki da Allah, a kwanar nan ta ƙarshe, hularki ce ta bugi tasa?"

Ta tsayar da keke, ta leƙa ƙofa, ta ciji zare.

"Hannuna ne. Da na ga wuta tana tashi a ƙarƙashin ƙafarsa, ban san lokacin da na buga ba. Sai na ga kafaɗun bawan Allahn nan sun zube, ga benci ina gani da idona, ni ma kuma ina son in zauna a kai. Sai na ɗora wa hula. Ka rubuta in ka ga dama, kawunka ba ya karanta komai sai allon hanya."